Takunkumin Kare Ba Ɗaure Baki da Tsumma Ba Ne

Duk wanda ya taɓa ganin gardawa suna yawo da kura a kasuwa ya san takunkumi. Dabba ce mai farfasa ƙashi da haƙori, amma ga yara na biye da ita suna shewa, don bakinta na cikin raga. Abin mamaki, mutumin da zai kira mai kura mahaukaci in ya cire mata takunkumi, shi ne zai saki ƙaton karen gadi a layi da la'asar, daidai lokacin tashi daga Islamiyya, ya ce wai "ba ya cizo."

Yana cizo. Ranar ce ba ta zo ba. Kuma in ta zo, galibi yaro ne a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Babba ana cizonsa a ƙwauri. Yaro kuwa tsayinsa ɗaya da bakin kare, sai a same shi a fuska ko wuya, inda cutar ba ta da nisan tafiya zuwa ƙwaƙwalwa.

To wane irin takunkumi? Nan ne masu kare da yawa ke kuskure. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake shan iska, baki buɗe, harshe a waje. Ka ɗaure masa baki tamau da igiya ko tsumma a zafin watan Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, ka hana shi sanyaya jikinsa ke nan, yana iya faɗuwa ya mutu a hannunka. Irin wannan ɗaurin na 'yan mintoci ne kawai, kamar lokacin da likitan dabbobi zai yi masa allura. Na fita waje shi ne mai siffar kwando, na roba ko waya ko fata, wanda kare zai buɗe baki a cikinsa ya yi haki, har ya sha ruwa. Ka auna: kada hancinsa ya tokari gaban kwandon, kuma yatsarka ɗaya ta iya shiga ƙarƙashin maɗaurin da ke bayan kunne.

Kada ka ƙaƙaba masa da ƙarfi ranar farko. Sa ɗan nama ko ƙanzo a cikin kwandon, ya cusa bakinsa da kansa. Kwana biyu, uku, sannan ka fara ɗaurewa na ɗan lokaci, kana ƙarawa a hankali. Karen da ya san takunkumi yana zuwa da nama ba zai yi kokawa da shi ba. Sai a sa masa duk lokacin da zai bi ta cikin jama'a, ko za a yi biki ko suna a gida, tare da igiya a hannun babba, ba yaro ba. Mafarauta ma, masu ratsa gari da garken karnuka, wannan magana ta shafe su. Amma ba a barin kare da takunkumi ya wuni shi kaɗai.

Takunkumi cizo yake hanawa, ba cuta ba. Allurar rigakafi tun kare na wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya ce. A Najeriya, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma a kan yi gangamin yi wa karnuka rigakafi wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya.

Yara kuma a koya musu: ban da jifa, ban da taɓa kare mai cin abinci ko karya mai shayar da 'yan kwikwiyo. In kare ya taso, a tsaya cak, hannu a jiki, kada a zura masa ido. Gudu ne ke ingiza shi. Masu talla da almajirai, da ke shiga zauren da ba su sani ba, su suka fi bukatar jin wannan.

In ƙaddara ta faɗa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ko da ƙarzanewa ce kawai. Ban da toka, ban da barkono, ban da ganye. A nufi asibiti a ranar don fara allura, kuma a kammala ta. Cutar kan kwanta wata biyu ko uku shiru, amma da alamunta sun bayyana, kusan babu mai tashi. A killace karen kwana 10 ana lura da shi, ba tare da an jinkirta allurar yaron ba.

Iyaye, ku rage saurin ɗaukar bulala. Yaron da ya san zai sha duka don ya tsokani kare zai ja wando ya rufe tabon, ya yi shiru. Ku gaya masa tun yau cewa cizon kare, komai ƙanƙantarsa, in ya faɗa ba za a taɓa shi ba.