Nauyin mota ba ya riƙe ta a kan tirela

Aikina ɗaukar motocin da suka mutu a hanya, tsakanin Damagaram da Tanut har zuwa Adarbisanat, wani lokaci in ratse yamma wajen Belbeji. Maganar da na fi ji a bakin masu mota, kai har da wasu direbobi, ita ce: "Maigida, ai ƙarfe ce, nauyinta zai riƙe ta, igiya biyu sun isa mu kai gareji." Wannan magana ita ke jefar da mota a daji.

Mota tana kan tirela, amma a kan tayoyinta da sifirin ɗinta take tsaye, kuma an yi su ne don su motsa. Duk ramin da tirela ta faɗa, motar da ke sama sai ta yi tsalle, ta ɗan gusa. Ranar da raƙumi ya faɗo titi ka taka birki, tirela ta tsaya, ita kuwa ba ta san an tsaya ba. Ƙa'idar ɗaurin kaya ta ƙasashen Turai, EN 12195, ta ce ɗauri ya iya tare kashi 80 cikin 100 na nauyin kaya ta gaba, da kashi 50 ta gefe da ta baya. Hilux ta kai wajen tan 2. Ke nan kilo 1,600 ne ke neman ƙeyar direba. Igiyar ɗaure buhun hatsi ba ta da wannan ƙarfin.

Tun wajen lodi ake gyara tafiya. Gefen inji shi ke shiga gaba, nauyi ya ɗan rinjaya gaban tayoyin tirela. Idan ya koma baya, da ka ƙara wuta tirela za ta fara kaɗa wutsiya, ta ja wadda ke janta. A sa giya ta ɗaya, a ja birkin hannu, a kafa weji gaba da bayan taya. Wayar da aka jawo motar da ita ta gama aikinta, ba a lissafa ta cikin ɗauri.

Taya nake ɗaurewa, duka huɗun, kowace da nata madauri mai ƙugiya da abin ɗamewa. Madaurin ya hau ta saman taya daidai tsakiya, a shimfiɗe ba murɗe ba, ƙugiya ta kama zoben da aka yi dominta a jikin tirela. Kafin a ɗame, a zura hannu bayan taya a laluba, don akwai bututun man birki a wurin. In madauri ya danne shi, ka kai wa mutum motarsa ba birki, shi kuma bai sani ba. Hikimar kama taya ita ce jikin motar ya yi ta rawarsa a kan sifirin, ƙafafun na nan daram. Wanda ya ɗaura a jiki, duk faɗawa rami motar za ta duƙa, ɗaurin ya saki, ta taso ta fizge shi, har ƙugiya ta fita. In dole sai sarƙa, kamar motar da ta yi hatsari ta rasa taya, to a nemi shasi. Bamba ba wurin ɗauri ba ce, haka sandar sitiyari. Na sha sauke mota tayoyin gaba suna kallon juna saboda wani ya laƙa sarƙa a nan.

Kowane madauri na kirki yana da ƴar takarda ɗinke a jikinsa, an rubuta LC da lamba, misali 2500 daN, wato yana ɗaukar wajen tan biyu da rabi. Wanda ba takarda, ko ya tsage a baki, ko aka ƙulla shi, ya tashi daga aiki. Ranar yankinmu na Damargu kuma ba ta raga wa zare: madaurin da ya shekara a bayan mota ya koɗe ya yi kaushi, ka lanƙwasa ka ji yana ƙara, ba ya kai ƙarfin da aka rubuta.

Inda aka fi sakaci shi ne bayan an tashi. Daga Tanut zuwa Damagaram wajen kilomita 150 ne, direba na ganin tafiyar zama ɗaya ce. A Amurka doka ta ce a duba kaya cikin kilomita 80 na farko. Wannan lissafin masu kwalta sumul ne. A gargadar da ke fitowa daga Belbeji, ni ba na wuce kilomita 10 ban sauka ba, sannan in sake dubawa in na hau kwalta, in kuma duba a Bakin Birji. Rairayin da ke ƙarƙashin taya yana zubewa da girgiza, motar ta zauna, ɗauri ya yi sako-sako. Tayar da ke sacewa a hankali ma haka take yi. Shi ya sa nake sa yaron mota ya share kan tirela kafin lodi, kuma in mun tsaya ya bugi kowane madauri da hannu. Mai ɗauri sosai yana amsawa kamar tsirkiyar gurmi.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ba na sassauci ko ga ɗan'uwa: ba a zama cikin motar da aka ɗora. Mutum zai ce yana tsaron kayansa, ko yana tsimin kuɗin mota. In ɗauri ya tsinke ba shi da sitiyari, ba shi da mafita.

Masu mota, kafin ku biya kuɗin ɗauka ku zagaya tirela ku ƙirga madauri da idonku. In ba su kai huɗu ba, kada ku yarda a tashi.