Sa'anda Aka Bar Magana Aka Koma Kan Mutum

Ya kai ɗan'uwa, sabon mai bi, ka san wannan. Sa'anda gardama ta tashi, ko a kasuwar Kibiya ko ta wayar hannu, wanda hujjarsa ta ƙare yakan bar maganar ya koma kanka. Sai ya tuna maka giyar ubanka da tsafin kakanninka, ko kuwa ya sa maka a baki abin da ba ka faɗa ba.

Ka duba Nehemiya sura 6. Yana cikin ginin ganuwar Urushalima, Sanballat ya aika masa sau huɗu ya sauko su yi shawara, mugunta kuwa yake nufi. Na biyar ya aiko da wasiƙa a buɗe, domin kowa ya karanta, wai Nehemiya tawaye yake shiri. Nehemiya ya musa ƙaryar da magana kaɗan, ya yi addu'a, ya koma bakin aiki. Ganuwa ta ƙare cikin kwana 52.

Haka kai ma. Ƙarya, ka musa ta sau ɗaya a fili, gama shiru a nan yakan zama kamar yarda. Zagi kuwa ba ya bukatar amsa. Idan da gaskiya cikin abin da ya faɗa, ka karɓe ta, ko da cikin fushi ya faɗe ta. Wannan ya fi duka wuya, ni ma nakan yi tuntuɓe a nan. Gobe kuwa in kun gamu a hanyar Yalwa zuwa Rano, kai ka fara gaishe shi, ka tambayi iyalinsa.