Kafin Ka Sayi Sassaƙe a Kurmi, Danna Ƙafar Yaron

A layin masu maganin gargajiya na Kasuwar Kurmi na tarar da wani manomi da ya shigo daga ƙauye yana cinikin sassaƙe. Matarsa na gefe goye da yarinya, gashi ya yi ja ya kakkarye, hannu kamar tsinke, ƙafafu kuma a kumbure. Wai an ce musu iska ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin tamowa ce, kuma tana warkewa.

Ɗan'uwa manomi, gwajin farko a gida ake yin sa. Danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa, ka ƙirga uku, ka ɗaga. In wurin ya lotsa bai taso ba a ƙafafu biyun, kada a kwana, a nufi asibiti. Haka ma in ya ƙi nono ko gudawa ta ƙi tsayawa. Asibitin Yara na Hasiya Bayero yana nan cikin birni, ba nisa da Kurmi. A asibiti ana auna damtsen yaro, in bai kai santimita 11.5 ba, ciwon ya yi tsanani. Madarar gyaɗar nan ta leda da ake bayarwa magani ce, ta mai ciwon ce shi kaɗai. Kada a raba da yayyensa, kada a sayar.

Yaron da ciwonsa bai kai haka ba, maganinsa yana rumbunka. Uwar ɗaki, auni gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa. Tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa ki zubar. Jiƙa waken, ki murje ɓawon, ki shanya, ki soya kowanne daban har ya yi ƙamshi, sannan a niƙa tare. Shi ne garin da ake kira Tom Brown. Dama shi da kauri, ki zuba cokalin manja da ɗan garin zogale, a ba yaro sau 3 ko 4 a yini, a kwanonsa shi kaɗai. Tsinkakken koko cika ciki kawai yake yi. Jaririn da bai cika wata 6 ba kuwa nono zalla, ko ruwa ba ya bukata.

Maigida, in kaka ta yi, kafin buhunan gyaɗa da waken suya su tafi kasuwar Dawanau, don Allah ka ware rabon yara ka ajiye har damina.