Yadda Ake Hawan Keke a Duwatsu da Hanyoyin Ƙauyen Minna

A Ingila, dazuzzukan da aka tanada wa masu keken dutse suna da alluna masu launi: kore na ɗan koyo, shuɗi na wanda ya fara gogewa, ja na gwani, baƙi na wanda ya ƙware sosai. A Minna babu wanda ya kafa maka allo. Kai za ka auna hanya da kanka, kuma abin da ake dubawa biyu ne: irin ƙasar da ke ƙarƙashin taya, da lokacin shekara. Duk mai ce maka nisa ne ma'auni, bai taɓa gangarowa daga dutse a kan tsakuwa ba.

Fara da keken. Na gwanjo mai giyar Shimano ya fi sabon nan mai ƙyalli da shokozoba gaba da baya wanda ake sayarwa da arha. Nauyi ne kawai, kuma kafin shekara ya fara kuka ta ko'ina. Kuɗin na gwanjo mai kyau yana canzawa da dala, ka zagaya wurin masu keke biyu ko uku kafin ka taya. Nemi mai shokozoba a gaba kaɗai, ko ma babu, mai taya mai faɗi da haƙora. Hular kwano dole ce, ba na jayayya a kanta.

Kafin ka hau, matsa birki ɗaya bayan ɗaya ka ga wane hannu ne ke riƙe tayar gaba. Keken da ya fito daga Ingila birkin gabansa yana hannun dama, na Amurka da yawancin Turai yana hagu, kuma duka biyun suna zuwa mana a gwanjo. Mutane da yawa sun tashi ta kan keke saboda aron na aboki.

Sai iska. Mai faci ya saba da keken kwalta da na ɗaukar kaya, zai buga maka taya har ta zama kamar ƙarfe. A kan tsakuwa irin wannan taya tsalle take yi, ba ta kama ƙasa. Ka rage har babban yatsanka ya iya dannata kaɗan. Idan famfonka yana da ma'auni, tsakanin 30 da 35 ya ishi mai matsakaicin jiki. Amma kada ka zarce. Taya mai laushi da yawa idan ta daki gefen dutse, rim yana cizon tub ya bar huda biyu jere, faci ɗaya ba ya rufe su. Sarƙa kuwa kada ka bari a zuba mata baƙin man mota. Ƙurar hunturu za ta manne, ta cinye haƙoran giya. Ɗigon man keken ɗinki ya fi, ka goge ragowar da tsumma.

A jaka: tub ɗaya, famfo, faci da sholisho, sifana, ruwa lita biyu, dabino ko ƙuli-ƙuli.

Ɗan koyo ya nufi kudu maso yamma, wajen Gidan Kwano inda jami'ar fasaha take. Hanyoyin ƙauyukan da suka ratse daga titin Bida jar ƙasa ce, hawa da gangara kaɗan-kaɗan, tsakanin gonaki da itatuwan kaɗanya da ɗorawa. Shi titin Bida kansa, daga Kpakungu, na tirela ne da tankoki, ka bar shi da zarar ka sami kwana. Awa ɗaya zuwa da dawowa ta isa. A nan za ka koyi sauya giya kafin hawa, ba a tsakiyarsa ba, da kuma ratsa yashi: sa giya mai sauƙi, koma baya a sirdi, ci gaba da taka feda, kada ka juya kan keke da ƙarfi.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari ya koma wajen madatsar Bosso, ko ta Tagwai a ɓangaren Chanchaga, ko hanyoyin ƙafa da ke bayan Tudun Fulani zuwa Maikunkele. Nan ne za ka haɗu da burtali, da kwazazzabo, da rafukan da sai an tsallaka. Madatsun nan ruwan shan gari suke bayarwa, akwai masu gadi. Ka tsaya ka gaishe su, ka tambayi inda aka yarda a bi.

Dutsen Paida da ke gabashin gari, da duwatsun Paiko a hanyar Suleja, na gwanaye ne, kuma ko gwani kada ya je shi kaɗai. Hawansu wahala ce kawai, in ka gaji ka sauka ka tura. Gangarowa ce take karya mutane, don haka a nan zan tsaya.

Kafin gangara, sauke sirdi da kamar faɗin yatsu huɗu. Tashi tsaye a kan feda, ƙafafu biyu daidai da juna, dunduniya ƙasa, gwiwa da gwiwar hannu a lanƙwashe, ƙugunka ya ɗan koma baya. Yatsa ɗaya ko biyu a kan birki, sauran su riƙe kan keke. Shawarar da ake yawan ba yara, wai kada a taɓa birkin gaba, ita ce mafi muni da na sani. Birkin gaba shi ne ke tsayar da keke. Na baya kaɗai idan ka danne shi a kan tsakuwa, taya za ta kulle, ta yi ta jan ƙasa, gudu bai ragu ba, keken ya juya gefe. A matsa su tare, a hankali, kamar mai tatsar nono, ana matsawa ana saki.

Kuma ka san inda ake birki. Tsantsar dutse busasshe yana riƙe taya sosai, a nan za ka rage gudu. Haɗarin yana inda dutse ya ƙare, inda ruwan sama ya tara ɓarɓashin tsakuwa a gindinsa. Ka isa wurin da gudun da kake so, ka sassauta birki, ka wuce a miƙe. Haka a kwana: rage gudu kafin ka shiga, ba a cikinta ba. Idonka ya kasance a inda kake son bi, taku goma gaba. Wanda ya zura wa rami ido, cikin ramin zai faɗa. Gangarar da ba ka sani ba, ajiye keke ka taka ta da ƙafa tukuna.

Lokaci yana sauya darajar kowace hanya. Daga Nuwamba zuwa Janairu ƙasa ta bushe, safiya da sanyi, shi ne lokacinmu. A Maris da Afrilu zafi yana kusantar digiri 40, ka fita bayan asuba ka dawo kafin tara. A Agusta da Satumba hanyar ɗan koyo tana zama ta gwani: laka ta toshe taya, dutse ya yi gansakuka ya yi santsi, rafin da ka tsallaka da safe ya cika kafin azahar. Ruwan da ba ka ga ƙasansa ba, kada ka shiga da keke.

Hanyoyin nan ba namu ba ne. Na manoma Gwari ne da makiyaya, da mata masu ɗauko itace a kafaɗa. Kada tayarka ta taɓa kunyar doya, wannan abincin shekarar wani ne. Ka ga garke, sauka ka jira ya wuce. Ka shiga ƙauye, rage gudu ka yi sallama, in za ku riƙa zuwa ku gabatar da kanku wurin mai unguwa. Su ne za su gaya muku gadar da ta karye da hanyar da aka daina bi.

Su ne kuma za su gaya muku batun tsaro, wanda ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Ƙananan hukumomin Shiroro, Munya da Rafi sun sha fama da 'yan bindiga shekaru da dama. Duwatsun hanyar Gwada da Kuta suna da kyau, amma ban yarda kowa ya ratsa dajin can da keke ba, haka ma wajen Zungeru. Ku fita aƙalla ku uku, ku bar wa na gida sunan ƙauyen da kuka nufa da lokacin dawowa, waya cike da caji, kuma ku kasance a kan kwalta kafin la'asar ta yi sakaliya.