Darasi: Hanyar Hawa Dutsen Tabor

Kowace ranar 6 ga watan Agusta, da kuma Lahadi ta biyu ta Lokacin Azumi, Ikilisiya takan karanta mana labarin sākewar kamannin Ubangijinmu. Mun saba duban hasken da ya bayyana a bisa dutsen. A wannan darasi za mu dubi hanyar da aka bi kafin a kai can.

Matiyu, Markus da Luka ba su ambaci sunan dutsen ba. Iyayen Ikilisiya na farko, irin su Waliyyi Siril na Urushalima da Waliyyi Jerom, su ne suka koyar cewa Tabor ne, ko da yake wasu masana sun fi karkata ga Harmon. Tabor yana ƙasar Galili, gabas da Nazarat. Tsayinsa bai kai mita 600 ba, amma shi kaɗai yake tsaye a bakin kwarin Yezreyel kamar ƙwarya a kife. A nan ne Barak ya tara mutum 10,000 bisa ga umurnin Debora, ya gangara wa Sisera da karusansa na ƙarfe 900 (Alƙalawa 4).

Kurmi ne ya lulluɓe dutsen tun dā. An sare mafi yawansa a zamanin mulkin Turkawa, aka sake dasawa a ƙarni na 20. Daga ƙauyen Daburiya da ke gindinsa, tsohuwar hanyar ƙafa tana ratsa itatuwan, tana miƙewa sama ba sassauci. Mai hawa yakan yi haki, gwiwa ta yi nauyi, ganye kuma ya rufe masa ƙwanƙolin har sai ya kusa isa. Bitrus da Yaƙub da Yohanna masunta ne, ba mutanen tudu ba, kuma ba a faɗa musu abin da za su gani ba. Luka ya ce addu'a ce ta kai Yesu can, barci kuwa ya nauyaya wa almajiran. Ba abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa hawan dutse da ƙafa.

Yau masu ziyara sukan hau ƙananan motoci, domin manyan ba sa iya kwanar hanyar, su tarar da majami'ar da 'yan Faransiskan suka kammala a 1924. Ba laifi ba ne, musamman ga tsofaffi. Abin da ke damunmu shi ne yadda wasunmu suke neman wahayi da mu'ujiza daga wannan wurin addu'a zuwa wancan, alhali sun bar Misa da ikirarin zunubi da addu'ar iyali.

Bitrus ya so kafa bukkoki uku, ba a amsa masa ba. Da suka sauko, wani uba ne ke jiransu da ɗansa mai farfaɗiya, wanda sauran almajirai suka kāsa warkarwa. A taron zumunta na wannan mako, mu karanta Luka 9:28-43 gaba ɗaya, kada mu tsaya a aya ta 36.