Darasin Lafiyar Iyali: Wanke Rauni da Ɗaure Shi

A Keffi da ƙauyukan kewaye ba a rasa rauni a gida: yankan adda a gonar doya, kujewar faɗuwa daga babur a hanyar Akwanga, ko ƙunar ruwan zafi a madafa. Abin da aka sa wa ciwon a sa'ar farko shi yakan nuna ko zai warke cikin mako guda, ko ya zama gyambo.

A shekarar 1867 wani likita a Birtaniya mai suna Joseph Lister ya nuna cewa idan aka kashe ƙwayoyin cuta a bakin rauni, ruɓewa takan ragu ƙwarai. Daga nan aka sami magungunan da muke saye a kemis yau. Amma wanki yana gaba da magani. A wanke hannu da sabulu, a danne ciwon da tsumma mai tsabta na minti 10 har jini ya tsaya, sa'an nan a kwarara masa ruwa mai tsabta har ƙasa ta fita duka. Ruwan gishiri ma yana yi: ƙaramin cokali 2, ba a tula ba, cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce.

Mutane da yawa suna tsammani maganin da ya fi zafi shi ya fi aiki. Ba haka ba ne. Sifirit na goge lafiyayyar fata ne da almakashi; a cikin buɗaɗɗen ciwo yakan ƙona sabon naman da ke tsirowa. Dettol da Savlon kuma a bi ƙa'idar sirkawa da ke jikin kwalba. Ga ciwo mai datti, aidin ruwan ƙasa-ƙasa da ake kira fobidon ya fi dacewa, gama ba ya zafi kamar tsohon aidin, sai dai mai ciki, da jariri, da mai maƙoƙo su tambayi ma'aikacin lafiya tukuna. Shuɗin nan na jibi yana ɓoye launin ciwo, har ya yi wuya a gane ko ya fara ja.

Bayan wanki a rufe da yadin ɗaure ciwo mai raga-raga, a naɗe da bandeji ba tamau ba. Kada a ɗora auduga kai tsaye, domin zarenta yakan manne. A sāke ɗauri kowace rana, ko da zarar ya jiƙe. In ya kama, a jiƙa shi da ruwan gishiri kafin a ɗaga.

Toka, ƙasa, kashin shanu, man birki da garin kafso ba su da wuri a kan rauni. Ƙasa da kashin dabbobi su ne gidan ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora, wanda ke kashe babba da jariri. Ga cibiyar jariri akwai man kulohezidin, wanda Jihar Sakkwato ta fara rabawa a 2013 kafin ya bazu a ƙasa. Na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Zuma dai tana da hujja: a 1988 likita Spencer Efem na Kalaba ya ba da rahoton majiyyata 59 da aka yi wa ɗauri da ita, kusan dukansu ciwon ya yi sauƙi ƙwarai. Amma zumar kasuwa da aka gauraya da sukari ba ita ake nufi ba.

Ƙuna a sa ta ƙarƙashin ruwa mai sanyi minti 20, ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai. Cizon kare a wanke da sabulu minti 15, a tafi asibiti a ranar. Haka ma sukar ƙusa, da ciwo mai zurfi, da kowane rauni a ƙafar mai ciwon sukari. Idan ja yana yaɗuwa, ko mugunya da wari da zazzaɓi sun bayyana, a kai shi asibiti mafi kusa ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi, a kuma gaya wa likita lokacin da aka yi masa allurar rigakafin sarƙewar haƙora ta ƙarshe.