Man Sanyi da Alwala: Darasin Kula da Fuska a Lokacin Hunturu

 

Ya ku ƴan uwa ɗalibai, da iyayenmu da malamanmu masu karanta wannan ɗan littafi, darasin da muka zaɓa bana a kan man shafawa ne. Wani zai ce, to me ya haɗa ɗan madarasa da zancen man fuska? Amsar ita ce alwala. Duk abin da muka ɗora a fuska sai ya gamu da ruwan alwala kafin rana ta faɗi. In muka bar fuska ba mai, hunturu ya tsattsaga ta. In kuma muka laɓta mai ba lissafi, muna iya tsayawa salla da alwalar da ba ta inganta ba. Manufarmu ita ce mu nuna yadda za a tsare fata a kuma tsare salla, kuma mun ɗauki wani nau'in mai guda ɗaya a matsayin misali.

Mene ne man sanyi?

Shi ne wanda Turawan Ingila ke kira kol kirim, wato kirim mai sanyi. A farmasi kuwa, inda ake rubutu da Faransanci, za ku iya ganin an rubuta cérat de Galien a jikinsa. A wannan darasi za mu riƙa ce masa man sanyi. Kada a ɗauka irin man nan ne mai yaji da ake shafa wa ƙirji in ana mura, wannan daban ne, kuma ba a kai shi kusa da ido.

Asalin haɗinsa abu uku ne: kakin zuma, da mai, da ruwa. Kun san dai mai da ruwa ba sa haɗuwa. In an zuba su a kwalba ɗaya, man zai taso sama. To kakin ne ke riƙe su. Ana narkar da kakin cikin man, sannan a riƙa ɗiga ruwa ana motsawa har ruwan ya rarrabu ƙanana-ƙanana ya ɓoye cikin man. In aka shafa a fata, ruwan nan yana tashi a hankali, sai mutum ya ji sanyi-sanyi. Daga nan ya samo sunansa. Man da kakin kuma su zauna a saman fata kamar murfi.

Ana danganta wannan haɗi ga Jalinusu, likitan Yunanawa da aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya a garin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Nasa haɗin da kakin zuma ne da man zaitun da ruwan wardi. Sunan Jalinusu ba baƙo ba ne ga ɗaliban Larabci, domin a Bagadaza Hunainu ɗan Is'haƙa, wanda ya rasu a 873, ya fassara da yawa daga littattafansa, likitocin Musulmi irin su Ibn Sina suka yi gini a kansu. A littattafan likitanci na Larabci ana kiran haɗin kaki da mai da sunan ƙairuɗi. Daga baya masana'antu suka maye man zaitun da man da ake tacewa daga fetur, don shi ba ya saurin lalacewa. Na kamfanin Pond's yana cikin sanannu, shi kuma Nivea da aka fara yi a Hambog ta Jamus a 1911 danginsa ne, shi ma ruwa ne cikin mai.

Me ya sa fuskarmu ke bushewa?

Fatar mutum tana da wani siririn bango a can sama, wanda ke riƙe da ɗan ruwa da ɗan maiƙo. Muddin wannan bango yana lafiya, fuska tana da laushi. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris iska na busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura, da yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Iska ce busasshiya ƙwarai. Laimarta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100. Yadda take busar da wanki cikin ɗan lokaci, haka take zuƙe ruwan fata. Mu nan Damagaram ba sai an ba mu labari ba: kunci ya yi furu-furu, leɓe ya tsage, gefen hanci ya riƙa saɓa.

Sai mu ƙara da namu lissafi. Wanda ke sabunta alwala a kowace salla, yana wanke fuska sau uku-uku, ya wanke ta sau 15 ke nan a yini. Ruwan da ya bushe a fuska cikin iskar hunturu yana tafiya da ɗan laimar da ke cikin fatar. In aka haɗa da sabulu mai ƙarfi da ruwa mai zafi sosai, maiƙon ma ya tafi. Laifin ba na alwala ba ne. Abin da ya kamata shi ne mu mayar wa fata abin da iska ta ƙwace.

Shafa mai kuma ba na mata kaɗai ba ne. A hadisin Salmanul Farisi da Imamu Bukhari ya ruwaito, an ambaci shafa mai tare da wanka da turare cikin shirin da namiji ke yi don zuwa Juma'a. Saboda haka ɗan uwa, kada kunya ta sa ka zo aji fuska kamar wanda ya fito daga gidan niƙa.

Mas'alar shamaki

Allah Ya umarce mu da wanke fuska a aya ta 6 ta Suratul Ma'ida. Mun karanta a Ahalari cewa farillan alwala bakwai ne, kuma wanke fuska da cuɗawa suna cikinsu. Iyakar fuska ita ce daga matsirar gashin kai zuwa ƙarshen haɓa, daga kunne zuwa kunne. Wankewa ba ta tabbata sai ruwa ya taɓa fatar kanta. Shi ya sa malamai suka sanya rashin shamaki cikin sharuɗɗan ingancin alwala, shi ne abin da ake kira ha'il da Larabci.

Shehu Ahmadu Dardir, babban malamin Malikiyya na Azhar da ya rasu a 1786, da ya zo kawo misalin shamaki a sharhinsa, sai ya ambaci kaki da kuma man da ya daskare ya yi jiki a kan gaɓa. Ku duba da kyau: kaki da mai, su ne fa ainihin kayan haɗin man sanyi. To shi ke nan ya haramta? A'a. Malaman sun rarrabe abu biyu.

Na farko, man da ke da jiki, wanda in ka kankare da farce zai taso. Wannan shamaki ne, dole a gusar da shi kafin a wanke gaɓar. In an bar shi, wurin da ya rufe ya zama lam'a, wato gurbin da ruwa bai taɓa ba, alwala kuwa ba ta cika da lam'a.

Na biyu, maiƙo ko santsin da ya rage bayan fata ta shanye man. Wannan ba ya cutarwa, ko da ruwan yana rarrabuwa a kan fatar, matuƙar dai ya game gaɓar duka.

Ka ga ashe hukuncin yana rataye da yawan abin da aka shafa da lokacin da aka shafa shi. Mai Risala, Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, ya ja hankalinmu ga wuraren da ruwa kan tsallake a fuska: lungun idanu, da layukan goshi, da ƙarƙashin hanci. Waɗannan wurare su ne kuma inda mai ke taruwa ya kwanta. Ga masu gemu da saje, a ƙara da gindin gashi.

Tambihi biyu. Ɗaya, shafa mai bayan an gama alwala ba ya warware ta, ba ya cikin masu warwarewa. Biyu, kada a tsoma hannu mai mai cikin kwanon ruwan alwala, domin in man ya gauraya da ruwan har ya canja launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa, ruwan ya fita daga wanda ake tsarki da shi. Zubawa daga buta ya fi kwanciyar hankali.

Tsarin yini

Da asuba: A fara alwala a kan fuska wankakkiya. In an gama, a dafa ƙyalle mai tsabta a fuska, kada a goge da ƙarfi, a bar ta da ɗan danshi. A laƙato man sanyi gwargwadon ƙwayar wake, a murza a tafin hannu ya yi laushi, a bi kunci da gefen baki da haɓa. Shafawa a kan danshi ta fi amfani, domin aikin man shi ne kulle ruwan da ke wurin. Daga asuba zuwa azahar sa'o'i ne masu yawa, ɗan wannan mai zai shige, sai maiƙo kawai.

Da rana: Kafin alwalar azahar ko la'asar, a shafa yatsa a gefen hanci da goshi. In an ji wani abu ya taru, musamman da yake ƙura na manne wa mai, a share da ƙyalle tukuna. Ba a buƙatar sabulu a kowace alwala. In fuska na ja bayan salla, a ɗan taɓa wurin da ya bushe kaɗai.

Da dare: Bayan isha'i ne babban lokacinsa, don babu wata farilla a gaba sai asuba. A nan man sanyi yana aiki biyu. Na farko wanki: a shafa shi a busasshiyar fuska, a murza a hankali kamar minti ɗaya, sannan a share da ƙyallen da aka jiƙa da ruwan ɗumi. Mai yana narkar da mai, don haka zai ɗebo ƙura da hoda da ragowar kwalli ba tare da ya busar da fata ba. Na biyu, a sake shafa ɗan kaɗan a kwana da shi. Wanda zai tashi tahajjudi ko ya wayi gari ya ji man bai shige ba, ya share kafin ya ɗaura alwala.

In bazara ta shigo, zafi ya haura digiri 40, sai a rage. Mai mai nauyi tare da gumi ba sa jituwa. Ga da yawanmu na dare kaɗai ya wadatar a lokacin.

Abubuwan kiyayewa

Mu masu shekarun balaga fatarmu tana fitar da maiƙo da yawa, musamman a goshi da hanci. Mai ƙurajen fuska kada ya laɓta man sanyi a waɗannan wurare, domin yana iya toshe ƙofofin fata ƙurajen su ƙaru. Ya tsaya a wurin da ya bushe. In ƙurajen sun yi yawa ko suna ruwa, a je wurin likita.

Sabon mai a fara gwada shi a cikin damtse ko bayan kunne, a jira kwana biyu. In wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi, a bar shi. Sau da yawa turaren da ke ciki ne bai karɓi mutum ba.

Da yake akwai ruwa a cikinsa, ƙwayoyin cuta na iya rayuwa a ciki. A wanke hannu kafin a laƙata, a rufe kwalbar, a ajiye a inuwa. Ɗakin da mutum biyar ke tsoma yatsa a kwalba guda, gara a riƙa ɗiba da ƙaramin cokali. In warinsa ya canja ko ruwa ya rabu da man, a zubar. A kuma sani ba ya kare fata daga zafin rana.

Wanda ba shi da kuɗin saye fa? Man kaɗe da iyayenmu suka sani tun kaka da kakanni yana yin aikin kulle danshi, basilin ma haka. Hukuncinsu a alwala ɗaya ne da wanda muka faɗa. Sai dai basilin ba ya shiga fata sosai, ya fi zama a sama, don haka shi ya fi buƙatar a share.

Kada a yaudare mu

Man sanyi na gaskiya ba ya canja launin kowa. A kasuwa akwai kwalabe masu kama da shi, an rubuta éclaircissant a jikinsu, wato mai haskaka fata. Da yawansu suna ɗauke da haidirokinon, ko kortikoyid, ko zaiba. Kortikoyid yana sa fata ta yi siriri ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Haidirokinon in an daɗe ana shafawa yana barin baƙaƙen tabo masu wuyar fita. Zaiba kuwa tana ratsa fata ta illata ƙoda. Kodebuwa ta hana sayar da irin waɗannan mayuka a 2015, Gana ma ta hana masu haidirokinon a 2016. Ya ƴar uwa, karanta abin da aka rubuta kafin ki biya. In ba a rubuta kayan haɗin ba sam, ki ajiye masa abinsa. Launin da Allah Ya ba mu amana ne, gyara shi muke yi da tsabta da mai.

Tambayoyin bita

1. Kawo abubuwa uku da ake haɗa man sanyi da su, ka faɗi aikin kowanne.
2. Mene ne bambancin mai mai jiki da maiƙo a hukuncin alwala?
3. Wata ta yi alwalar magariba, ta shafa mai, alwalarta ba ta warware ba har isha'i. Za ta iya salla da ita?
4. Wani ya laɓta basilin a kuncinsa da ya tsage, nan take aka kira salla, ba shi da alwala. Me zai fara yi?

Duk wanda wata mas'ala ta shige masa duhu, ya kai ta gaban malaminsa. Abin da muka dace daga Allah ne. Allah Ya ba mu lafiyar jiki da ingancin ibada, Ya saka wa malamanmu da iyayenmu da alheri. Allah ne Mafi sani.